Wai wace waƙa ce 'yan kallo suke yi a fili "ooo o o o o ooo ooo"? Mun yi musu da abokina

Ɗan_Gunners04

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gare ni kuma kar a yi min dariya. Akwai wani kiɗa da 'yan kallo suke yi da baki a filayen ƙwallo na Turai, babu kalma ko ɗaya a ciki, kawai ooo o o o o ooo ooo sai a sake komowa farko, wani lokacin in an zura ƙwallo ake sakinsa a lasifika wani lokacin kuma sanda 'yan wasa suke fitowa. Duk mai zuwa gidan kallo ya san abin da nake nufi ko da na rubuta shi a karkace.

To jiya muna tsakiyar kallo aka ɗauke wuta, mai gidan ya fita yana ta fama da janareta ya ja igiya ta ƙi ya sake ja ta ƙi, sai yaran da ke bencin baya suka fara wannan kiɗan suna dukan benci da tafin hannu, kafin ka ce me duk rumfar ta ɗauka har da wani dattijo da ban taɓa jin ya yi magana a gidan ba. Da aka tashi muka tsaya wajen mai shayi sai musu ya kaure tsakanina da abokina. Shi ya dage wai waƙar gargajiyar Italiya ce tun ta kakanninsu, ni kuma na ce ƙarya ne tamu ce ta Arsenal, don ni da kunnena na ji ana yi wa Van Persie ita tun kafin ya ci amanarmu a 2012. Wani a wurin ya ce duk mun yi kuskure FIFA ce ta biya aka yi mata. Mun tsaya a kan wanda ya faɗi shi zai sayi shayi da burodi da ƙwai uku. Wa ya san asalinta? Kuma dama waƙa ce mai baiti ko iya ooo ɗin ne?

Abu_Sadiq

Wa alaikumus salam. Hhhh ku haɗa kuɗi ku saya wa juna, dukkanku kun faɗi har da na ukun. Sunanta Seven Nation Army, wasu Amurkawa biyu ne suka yi ta, The White Stripes, a 2003. Ka rubuta sunan a YouTube, sakan biyu na farko za ka gane ta. Bari Malam Garaje ya zo, shi ne ya haddace tarihin waɗannan mutanen kamar 'yan gidansu.

Malam_Garaje

An kira ni na amsa. Ƙanena ai wannan tambayar ba ta dariya ba ce, mafi yawan waɗanda suke rera ta a fili su ma ba su san mai ita ba.

The White Stripes mutum biyu ne rak, namiji da mace, 'yan birnin Detroit a jihar Michigan. Jack White shi ne mai jita da waƙa, Meg White ita ce mai ganga, sun fara a 1997. Babu mai bes babu mai fiyano na daban, kuma kala uku kawai suke sawa, ja da fari da baƙi, daga tufafi har ganguna har bangon faifai. Shekaru suna ce wa 'yan jarida wa da ƙanwa ne su, ashe mata da miji ne, sun yi aure a 1996 suka rabu a 2000 kuma suka ci gaba da kiɗa tare kamar ba abin da ya faru, sai daga baya takardun auren da na sakin suka fito fili. Wani abin da zai ba Bahaushe mamaki, shi ne ya ɗauki sunan gidansu, asalin sunansa John Gillis, White ɗin nata ne. Kafin kiɗa ya karɓe shi sana'arsa gyaran kushin, yana da ɗan shagonsa.

Irin kiɗansu shi ake sawa a layin alternative rock, wato rock ɗin da ya taso ta gefe, daga ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'i, kafin su Nirvana su ɓalle ƙofar kasuwa a 1991. Su kuma White Stripes reshensu shi ne na gareji, kiɗa ɗanye mai ƙura ba a goge shi ba, da tushe a blues na baƙaƙen Amurka.

Shi wannan kiɗan da kuke yi, sauti bakwai ne kacal, ka ƙirga ooo ɗin da ka rubuta za ka ga bakwai ne. A Ostireliya ya zo masa, farkon 2002, a wani wuri da ake kira Corner Hotel a Melbourne, suna gwajin lasifika kafin wasa. Ya kaɗa wa abokinsa Ben Swank ya ji, mutumin bai wani nuna ya burge shi ba. Shi ma Jack da farko ajiye shi ya so yi, wai ko wata rana za a neme shi ya yi waƙar fim ɗin James Bond sai ya fito da shi, da ya ga abin ba mai yiwuwa ba ne sai ya yi amfani da kayansa. Ikon Allah, a 2008 sai ga shi an neme shi ɗin, ya yi ta Bond tare da Alicia Keys, lokacin wannan ta riga ta gama zaga duniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗauke ta. 2002 fa ake magana, kowa ya koma kwamfuta, su kuma suka tafi wani ƙaramin sitidiyo a unguwar Hackney a Landan, Toe Rag, inda kayan aikin duk tsofaffi ne na zamanin da, na'urar tef mai layi takwas. Cikin kamar sati biyu suka gama yawancin albam ɗin, Elephant, har suka rubuta a jikinsa cewa ba a taɓa kwamfuta ba tun daga rubutu har haɗawa. Kuma wannan murya mai kauri da take buɗe waƙar, dum dum ɗin da kowa yake rantsuwa bes ce, jita ce, tsohuwar jita ƙirar Kay mai rami a ciki, ya bi da ita ta wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, DigiTech Whammy, ita take sauke muryar ƙasa ta yi kauri. In aka zo wajen da waƙar take fashewa sai ya saki muryar jitar ta koma yadda take ya daki duka wayoyin, kiɗan bai canza ba, sautin nan bakwai ne dai, ƙarfi kawai aka ƙara masa.

Kan tambayarka ta biyu, eh tana da baiti, uku ma. Abin da ba ta da shi shi ne amshi. Da gangan ya yi, ya so ya ga ko zai iya yin waƙar da za ta kama mutane ba tare da amshi ba, inda ya kamata 'yan amshi su shigo sai jita ta shigo. To ka san mutane, in ka hana su amshi za su nemo da kansu, sai suka mayar da kiɗan jitar ya zama amshin. Ni a wajena duk sirrin ke nan. Babu Turanci a ciki da zai hana Ba'italiye ko Bajamushe ko yaran bencinku na baya, kuma bai hau sama ba bai sauka ƙasa sosai ba, mai muryar kwaɗo ma zai iya.

Kamfanonin da suke sayar musu da faifai, XL a Ingila da V2 a Amurka, wata waƙar daban suka so a fara fitarwa daga albam ɗin, Jack ya kafe sai wannan.

Hajiyar_Milan

Malam Garaje ya yi bayanin kiɗa, bari ni kuma in faɗi inda abin yake min ciwo, don a gidanmu aka fara wannan fitinar.

22 ga Oktoba 2003, gasar zakarun Turai, Club Brugge ta Beljiyam ta zo San Siro, filinmu na AC Milan. Mu ne masu riƙe da kofin fa a lokacin, 'yan watanni da muka doke Juventus a fenariti a Old Trafford, ga Maldini ga Pirlo ga Shevchenko, Kaka ma ya iso, Ancelotti yana benci. Labarin da aka fi sani shi ne magoya bayan Brugge suna zaune a wata mashaya a cikin Milan kafin wasa aka saka waƙar, suka kama bin kiɗan da baki, suka taho da shi har fili. Sai wani ɗan ƙasar Peru, Andrés Mendoza, ya zura mana ɗaya, kuma a haka aka tashi 1-0. Kun san yadda ɗan ƙwallo yake da camfi, abin da ka yi ranar da ka ci babban kulob ba ka barinsa, suka koma gida da ita aka riƙa saka ta a filinsu duk sanda suka ci.

Sai Fabrairun 2006 Roma ta je Brugge a kofin UEFA ta ci su 2-1, Perrotta ya ci ta biyun. 'Yan Roma suka ji masu gida suna kiɗan, suka ƙwace shi a nan take suka rera musu a fuska, suka tafi da shi Italiya. Wata huɗu bayan nan aka fara Kofin Duniya a Jamus, kuma a tawagar Italiya akwai Totti da De Rossi da Perrotta ɗin, duk 'yan Roma. Sauran kun sani, 9 ga Yuli a Berlin, Zidane ya tunkuyi Materazzi a ƙirji ya sha jan kati, aka je fenariti Grosso ya buga ta ƙarshe 5-3. Daren nan duk titunan Italiya kiɗan nan ake yi, su ba ooo suke cewa ba, po po po po suke cewa, har yau da yawansu sunan da suka san ta da shi ke nan. Don haka ɗana abokinka bai yi nisa da gaskiya ba sosai, Italiyawa ne suka yi mata tallar da ta kai ko'ina, amma batun kakanni babu shi, shekararta uku a duniya lokacin.

Daga nan hukumomi suka bi sahun 'yan kallo. Gasar ƙasashen Turai ta 2008 a Ostiriya da Suwizalan da ita 'yan wasa suke fitowa, ta 2012 in an ci ƙwallo ake saka ta, Kofin Duniya na 2018 a Rasha kuma kafin kowane wasa. Ranar da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a Volgograd da kiɗan nan aka shigo da su fili, ina jin a nan mutanenmu da yawa ya zauna musu a kai, mai cewa ta FIFA ce daga nan ya samo. Naku na Arsenal kuwa ɗora suna kawai kuka yi a kai, Robin van Persie gaɓa biyar, ka sa "oh" a gaba ka ja shi ya ci sauti biyu ya cika bakwai cif. Da ya koma Man United ai da kiɗan ya tafi, ku kuma kuka ɗora wa Santi Cazorla. Ka yi haƙuri.

Engr_Bash

Ni fa ban yarda da wannan zuzutawar ba. Na je na saurara yanzu, abu ɗaya ake ta maimaitawa minti kusan huɗu, ita kuma mai gangar dum dum dum kawai take yi kamar mai daka a turmi, yaron da ya yi sati biyu yana koyo zai buga. In ba don ƙwallo ba wa zai san ta? Sannan bidiyon duk dala-dala ne masu kusurwa uku suna ta fitowa daga cikin juna, ga kuma sunan, rundunar ƙasashe bakwai, wace runduna? Waɗanne ƙasashe? Kar mu zo muna rera abin da ba mu san ma'anarsa ba, mutanen nan ba a banza suke abubuwansu ba.

Malam_Garaje

Injiniya tambayarka ta ƙarshe mai kyau ce, gara mutum ya san me yake fita daga bakinsa, amma amsar za ta ba ka dariya. Akwai wata ƙungiyar agaji ta Kirista, Salvation Army, an kafa ta a Landan a 1865, a Amurka suna da shagunan gwanjo da yawa. Jack yana yaro, shi ne auta a cikin 'ya'ya goma, bakinsa bai iya faɗin sunan ba, sai ya riƙa cewa seven nation army. Irin yadda yaranmu suke karya sunan abu gida ya ɗauka har su girma. Da ya yi kiɗan sai ya laƙaba masa wannan sunan don kar ya manta wanne ne, kafin ma ya rubuta baiti, sunan kuma ya zauna. Babu wasu ƙasashe bakwai da aka lissafa.

Baitocin kuma a kan gulma suke, shi da kansa ya faɗa. Mutum ne ake ta cin namansa a gari, duk inda ya juya ana ƙus-ƙus da shi, dare ya hana shi barci yana ta saƙa da warwara, har ya ce zai bar garin ya tafi wani gari mai suna Wichita ya kama aikin ƙarfi a gona, ƙarshe kuma kewa ta sa yana maganar komawa gida. Ka tuna lokacin ne jaridu suka sa su a gaba da tonon wa ya auri wa, wa yake neman wa. Abin yana ba ni mamaki duk sanda na ga mutum dubu sittin suna tsalle da ita don murna, alhali mai ita kukan 'yan sa ido yake yi. Bidiyon wasu Faransawa biyu ne suka shirya, Alex da Martin, kalolin nan uku ne nasu na kullum, kuma Jack mutum ne mai son lamba uku a komai, kamfaninsa ma Third Man yake suna tun daga shagon kushin. Bidiyon ya ci kyautar MTV ta iya yanka hoto a 2003.

Batun wa zai san ta in ba ƙwallo, a nan ka yi rabin gaskiya. Kafin Brugge su je Milan ta riga ta hau lamba 1 a jadawalin mujallar Billboard ta Amurka na waƙoƙin alternative, ta kai lamba 7 a Ingila, albam ɗin ya yi na 1 a Ingila na 6 a Amurka, a Grammy na 2004 ta ci waƙar rock mafi kyau, Elephant kuma ya ci na albam ɗin alternative. Masu sharhi sun yabe ta tun daga farko. Amma a babban jadawalin Amurka na Hot 100, inda ake haɗa kowa da kowa, lamba 76 ta tsaya, a shekarar da su 50 Cent da Beyoncé suke riƙe da rediyo. Wato a 2003 waƙar 'yan rock ce, fili ne ya kai ta gidan da ba a jin rock. Da 'yan mujallar Rolling Stone suka sake jera fitattun waƙoƙi 500 a 2021 lamba 36 suka ba ta.

Gangar Meg kuwa, a nan ne ba zan bar ka ba. Ba kai ka fara faɗa ba, a 2023 wani ɗan jarida ya rubuta irin wannan a Twitter aka yi masa ca, Questlove wanda shi kansa gwanin ganga ne ya fito ya kare ta, Jack ma ya yi, mutumin ya janye ya ba da haƙuri. Ka sake saurara ka lura da abin da take yi, bugu ɗaya a kan kowane taku, ba ta gaba ba ta baya, ba ta cusa ado. Wannan shi ne abin da taro zai iya bi da ƙafa da tafi. Yaran gidan kallon su Ɗan Gunners da suke dukan benci, gangar Meg suke bugawa ba su sani ba. Ka sa wani gwani ya cika wurin da salo iri-iri ka gani ko benci zai iya binsa. Ni abin ya fi min kama da take, irin wanda makaɗi yake yi wa ɗan dambe, gajere ne, ana jin farkonsa an san wa ake kira, jiki ya ɗauki tsuma. Bambancin kawai wannan taken ba shi da ubangida ɗaya, duk wanda sunansa ya shiga gaɓa bakwai nasa ne. Har siyasa ta shiga, a 2017 matasan Ingila sun ɗora sunan Jeremy Corbyn, shugaban jam'iyyar Labour a lokacin, a kai, su kuma White Stripes sun yi tir da aka sa ta a bidiyon goyon bayan Trump a 2016, a 2024 har kotu suka kai ƙarar kamfen ɗinsa kafin su janye bayan zaɓe. Na 'yan ƙwallo kuwa Jack ya sha faɗa cewa daɗi yake ji, musamman da yake masu rerawar ba su san daga ina ta fito ba, a ganinsa ta zama waƙar jama'a ke nan.

Sun watse a Fabrairun 2011. Meg ta koma gefe abinta, ba hira ba wasa, dama can mai kunya ce ba ta son magana.

Engr_Bash

To na ji batun sunan, na janye wannan. Amma gangar har yanzu daka ce Malam, sai dai ka ce daka mai kyau.

Ɗan_Gunners04

Kai jama'a na gode, Allah ya ƙara sani. Hajiya maganar Van Persie ba sai kin tuna min ba wlh. Na tura wa abokin nawa duka, ya karanta na Hajiya kaɗai ya tsallake sauran, yanzu wai shi ya ci tunda an ambaci Italiya, har ya aiko min in ce wa mai shayi ƙwan a soya da albasa. Na ce masa Beljiyam ce ta fara, ya ce ni da na ce Arsenal ina na tsaya. Malam Garaje wace waƙar tasu zan ji bayan wannan, wadda ba ta da hayaniya sosai, don da iyafis ɗaya nake ji ɗayan ya mutu.